Ƙafar Kawu da Allurar Giya

Kawuna, yayan mahaifiyata, Allah ya jiƙansa, bai ji tsoron 'yan bindiga ba kamar yadda ya ji tsoron a zaunar da shi. Ya yi shekara talatin da wani abu yana jan babbar mota kafin mai ita ya sayar, ya dawo Ƙanƙara ya yi wata biyar a kan tabarmar ƙofar gida. A wata biyar ɗin nan ya rame har Inna ta fara zargin ciwon suga, alhali ba abin da ke damunsa sai rashin sitiyari. Don haka da na sayi a-kori-kura mai shan gas don ɗauko masara daga Sabuwa, ban ma tsaya neman direba ba. Inna ta kira ni ta ce in ba yayanta makulli. Na ba shi, ya karɓa da hannu biyu, kuma shekara shida yana jan motar nan ko kaza bai taɓa takawa ba.

Motar 'yar Kwatano ce, giyarta otomatik. Wanda ya ƙera ta bai taɓa jin sunan Sabuwa ba, balle ya san nauyin buhun masara. Ni kuwa Allah ya yi ni da ƙaiƙayin hannu, ba na iya ganin abu in bar shi yadda ya zo. Na sa aka ƙara mata sifirin, aka sa manyan tayoyi, mai walda ya ɗaga bodinta da ƙarafa, sannan wani bakanike ya taɓa famfon gas don ta ƙara ƙarfi. Motar da buhu goma sha biyu ke sa ta durƙusa ta koma ɗaukar ashirin, tana tafe tana zuba baƙin hayaƙi, ni kuma ina jin kaina wani injiniya.

Bakaniken ya gaya mini gaskiya ɗaya, wato giyar otomatik ba ta da maƙiyi kamar zafi, kuma duk abin da na yi wa motar nan zafi na ƙara mata. Sai ya ɗaura wani ɗan ƙaramin lagireto a gaba don sanyaya man giya, ya kuma kafa mini geji sabo fil a kan dashbod, mai farar fuska da jar allura. Ya ce daga saba'in zuwa casa'in lafiya lau ne, in ta kai ɗari in sassauta ƙafa, in ta wuce ɗari da goma in tsaya ko a ina nake. Na haddace lambobin nan kamar karatun allo. Duk wanda ya shiga motar sai na nuna masa, har waɗanda ba su tambaya ba.

Kawu bai taɓa ce wa gejin uffan ba. Yana da tasa hanyar. Tun ranar da ya fara jan motar ya yaye kafet ɗin da ke kan tudun nan na tsakiya, inda giya take a ƙarƙashi, ya bar ƙarfe tsirara. Tunda mota ba ta da kuloci, ƙafarsa ba ta da wani aikin kirki in ban da totur da birki, sai ya riƙa tuɓe takalmi yana tuƙi, lokaci-lokaci ya jingina gefen ƙafarsa da ƙarfen nan. Zafin kashi uku ne a wurinsa. Akwai ɗumi, wanda ba ya ko kulawa. Akwai zafin kofin shayi, wanda ke sa ya rage gudu. Sai wanda ƙafa ba ta iya zama a kai, shi kuma ba ya jayayya da shi, sai ya gangara gefen hanya ya tsaya. Ba ya kashe inji, ya ce sai man yana zagayawa yake hucewa. Zai fito ya zagaya mota, ya duba igiyoyi, ya ɗan gutsiri goro, ya koma ya taɓa ƙarfen, sannan a tafi.

A zamanin da hanya ke lafiya wannan ba komai ba ne. Amma duk wanda ya san tsakanin Faskari da Ƙanƙara a shekarun nan ya san ba wurin da mutum ke tsayawa cin goro ba ne. Da la'asar ta yi sanyi kowa ƙoƙari yake ya ga ya shiga gari. Sai labari ya fara zuwa mini daga 'yan acaɓa da direbobin tasha cewa an ga motata tsaye a wuri kaza, an gan ta a wuri kaza, da kaya niƙi-niƙi, Kawu yana zagaya ta hankali kwance. Na yi masa magana sau biyu cikin ladabi. Na nuna masa allura, na sake karanto masa lambobin bakanike. Ya ce to, bai ko juya kansa wajen gejin ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don na ɗauka raini ne irin na tsofaffin direbobi, waɗanda ke ganin duk wanda bai kwana a ƙarƙashin babbar mota ba bai san komai ba.

Ranar da abin ya faru cikin bazara ne, ana rana mai dafa ƙwaƙwalwa. Na bi shi Sabuwa da kaina saboda ina son ganin masarar da aka ajiye mini. Muka ɗora buhu ashirin da biyu, biyun nan ni na matsa, Kawu ya kalle ni ya ci gaba da ɗaure igiya. Mun baro Sabuwa bayan azahar, muka sha ramuka da yashi, mota tana gurnani a ƙaramar giya, ni kuma idona na kan allura. Tamanin take nunawa, wani lokacin ta ɗan leƙa tamanin da biyar ta dawo. Muka wuce Faskari, muka karya kwanar Sheme. Muna dab da Ruwan Godiya, a wani wuri mai duhuwar itatuwa inda ko akuya ba ka gani, na ji ya ɗaga ƙafa daga totur yana gangarawa gefe.

Na tambaye shi lafiya. Ya ce giya ta ɗau zafi, sai ta huta. Na nuna masa gejin da yatsa har ina ƙwanƙwasa gilashin, na ce tamanin ce, tamanin cif, ko yaron goye ya san lafiyarta lau.

"Ni dai ƙahwata ta hwaɗa mani," in ji shi. "Ka ba ta minti goma sha biyar."

Zuciya ce ta ɗebe ni, kuma tsoro ne ya ingiza ta, wannan na sani yanzu. Na gaya wa yayan uwata maganganun da ko ɗan dako ban taɓa gaya wa ba. Na ce zamanin tuƙi da ƙafa ya wuce, na ce in shi ya gama da duniya ni da saura, na ce ba zan bari tsufa ya miƙa ni ga mutanen daji ba. Na miƙa hannu na ce ya sauko. Ya buɗe ƙofa ya zagayo, takalmansa a hannu, ya zauna a kujerar da na tashi.

Na take mota kamar ina fushi da ita. Allura tana tamanin da biyar, ina ta satar kallonta ina jin daɗi. Ba mu yi tafiyar minti ashirin ba na ji inji ya ɗaga murya amma mota ba ta ƙara gudu. Na ƙara totur, ta yi ihu kawai, tayoyi ba su ji ba. Sai wani wari ya cika gaban motar, irin na gyaɗar da aka manta a kasko. A wani ɗan tudu da ko keke ke hawa ba wahala, mota ta ce ba ta san zancen ba, ta tsaya. Na dubi gejin. Wallahi allurar nan ba ta kai casa'in ba.

Na zauna riƙe da sitiyari ina kallon allura, ina jiran ta motsa ta ba ni haƙuri ko ta bayyana mini abin da ke faruwa, ita kuwa tana nan tsaye inda bakanike ya ce lafiya lau ne. Kawu ne ya fita ya buɗe bonet, ya zaro sandar auna man giya ya goga a bayan hannunsa. Man da na sani ja kamar zoɓo ya koma baƙi-baƙi. Na kai tafin hannuna kan ƙarfen da yake jingina ƙafa, na janye da sauri, amma duk da haka sai da fatar ta yi ja. Muka yi kusan awa guda a wurin, duk ƙarar babur da na ji daga nesa sai in miƙe ina leƙen hanya. Allah ya tsare. Da ta huce ta yarda ta ja jiki a hankali, muka shiga Ƙanƙara ana kiran magariba, mutane na kallonmu saboda Kawu ne a kujerar fasinja.

Washegari na kai ta wurin wani dattijon bakanike a bayan kasuwa, mutumin da ba ya son surutu. Na fara yi masa bayanin cewa gejin ƙarya yake yi, jabu aka sa mini. Ya shiga ƙarƙashin mota, ya bi wayar gejin da yatsa har inda ta ƙare, sannan ya kira ni in sunkuyo. Ya nuna mini tiyo biyu. Ɗaya ke kai man giya mai zafi zuwa ƙaramin lagireton nan, ɗaya ke dawo da shi bayan ya sha iska. Ɗan ƙarfen da ke jin zafi ya aika wa allura, a kan tiyon dawowa aka ɗaura shi, don nan ne hannu ke kaiwa ba sai an sauke komai ba. Ya ce gejin bai yi mini ƙarya ko sau ɗaya ba. Zafin man da aka riga aka sanyaya yake faɗa mini, wanda ke tafasa a cikin giyar kuwa ba wanda ya tambaye shi. Ya ce a irin kayan da nake ɗorawa, in allurar nan ta nuna tamanin da biyar, na ciki ya yi mata nisa sosai.

Na tambaye shi, to yaya aka yi giyar ta kai shekarun nan ba ta ƙone ba. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce sai dai in tambayi mai jan ta. Duk tsayuwar da na yi ta jin haushinta, duk goron da na ɗauka na sakarci ne, su ne suka riƙe mini mota. Ni da na zo da ilimi kuma na gama da ita a minti ashirin.

Gyaran ya ci kwana tara. Aka sauke giya aka canza abin da ya ƙone, dattijon ya huda farantin ƙasan giyar ya mayar da ɗan ƙarfen can, inda man yake taruwa da zafinsa na gaskiya. A kwana taran nan Kawu ya koma tabarmarsa. Inna ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ta yi, ta riƙa amsa gaisuwata da kalma ɗaya tana kallon wani wuri. Ranar da aka gama na tuƙa motar har ƙofar gidansa, na durƙusa a gaban abokan hirarsa, na ajiye makulli a kan tabarma na roƙe shi gafara. Ya ce ba komai, yaro ai yaro ne ko ya yi furfura. Amma na ga yadda hannunsa ya yi saurin rufe makullin.

Tafiyar farko bayan gyara na ce zan bi shi Faskari ɗaukar wake. Raina fari tas, har da wata dabara a zuciyata. Ina so in haɗa ƙafarsa da allurar, in san lambar da yake kira ɗumi da wadda yake kira zafin shayi, in rubuta in ajiye. A hanyar dawowa, da hantsi, ya ce ta fara ɗaukar zafin shayi. Na duba na ga casa'in da takwas, na yi dariya na ce lallai ƙafar nan ta fi ta kanti. Cikin wasa na ce yau dai ya daure ya dubi allurar da idonsa, ya gaya mini abin da ta ce, ko sau ɗaya ne a yi sulhu tsakaninsu.

Ya ce in karanta masa. Na ce a'a, shi zai karanta. Ya juya kansa, ya ɗan sunkuya, ya ƙura ido. Sai na lura ba gejin yake kallo ba. Ramin iskar da ke gefensa yake kallo, wani zagayayyen baƙin abu mai girman gejin, kusan taƙi guda daga inda allurar take. Ya ce, da murya irin ta mai kintace, kamar ta kusa tsakiya.

Na mayar da idona kan hanya, daga nan kuma shi na koma kallo, ba allura ba. Na ga yana kauce wa ramuka tun kafin mu iso su, har da wani da aka cike da ƙasa tun bara, ya zagaye shi kamar yana nan. Na ga yadda yake karkata kunne duk lokacin da abin hawa ke tahowa. Can gaba wata amalanke ta shanu ta fito daga gona ta hau hanya, da mata biyu zaune a kan kara. Ina ganinta tun daga nesa, fili ne fetal, ga hasken rana. Kawu bai ɗaga ƙafa ba. Na jira, na ƙara jira, ina ce wa kaina yanzu zai taka birki. Sai da na daka masa tsawa sannan ya taka, buhunan wake suka daki bayan kujera, mota ta tsaya har ina iya ganin ƙudajen da ke kan wuyan shanun. Ɗaya daga cikin matan ta dafe ƙirji tana salati.

Ya bari amalanken ta wuce, ya ja mota zuwa gindin wata ɗorawa ya tsaya. Wannan karon ya kashe inji. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce damina biyu ke nan. Da farko rubutu ne ya ɓace masa, sannan fuskokin mutane, yanzu komai dishi-dishi ne, sai abu ya matso ko ya yi ƙara. Hanyar ce ya haddace, daga Sabuwa har Ƙanƙara, rami-rami, kwana-kwana. Gejin da na yi ta ƙwanƙwasa masa kuwa tun lokacin bai ƙara ganin allurarsa ba.

Na tuna damina biyu na kaya, da kasuwannin da ya ratsa, da 'yan makarantar da ke tsallaka titi a Sheme. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na kuma ji kunyar kaina, da na shekara biyu ina zaune kusa da mutum ina kallon dashbod. Abin da ya rage shi ne in karɓi makulli, kwana biyu kacal bayan na durƙusa na mayar masa, kuma wannan karon ba ni da wani kuskure da zan je in gano a gareji.

Bai bari na tambaya ba. Ya zare makullin ya ɗora mini a cinya. Na fara maganar asibitin ido, ya ɗaga hannu ya ce wannan sai ya yi tunani, yana da wata buƙata da ta fi ta gaggawa.

"Kada ka hwaɗa ma kowa ido ne," ya ce. "Ko uwarka. In an ji, duk shekarun da na yi bisa hanya sun tashi banza, sai a ce makaho ne Allah ya yi ta tsarewa. Ka bari a ce kai ka kore ni."

Na ce Kawu, ai mutane sun ga na durƙusa shekaranjiya, in na sake karɓe makulli me za a kira ni a garin nan.

"Butulu," ya ce. "Kai yaro ne, kana iya ɗauka."

Na ɗauka. Sai bayan shekara guda ya yarda na kai shi asibiti a ɓoye, da sunan rakiyar sayen taya, likita ya duba ya ce an makara. Ya koma tabarmarsa da mutuncinsa cikakke, direban da ɗan ƙanwarsa ya wulaƙanta, kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya jajanta masa, shi kuma ya ce a bar yaro da halinsa. A tasha akwai waɗanda suka daina ba ni hannu.

Amma a ranar ba garin nake tunani ba. Na sauke shi a ƙofar gidansa, na jira har ya lalubi bakin zaure ya shiga, sannan na wuce gidanmu. Labari ya riga ni isa, don an ga wanda ke tuƙi. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambaye ni ko yayanta ya yi mini wani laifi ne, ko da ƙarami, wanda ita ba ta sani ba. Na ce a'a, bai yi mini komai ba. Ta ɗauki farantinta ta shiga ɗaki ta saki labule.